Saitin Bindigar Shifa

Zubaidatu ba ta yi sallama ba. Ta dangwara akwatin a kan teburin Datti, tsakanin kekunan ɗinkin mutane da agogunan da ya warware, har wani ɗan noti ya yi tsalle ya faɗi ƙasa. Tun daga unguwarsu Hindawiyya a nan Makka take tafasa a cikin tasi, ta iso unguwar Zahir ba ta huce ba.

Bindigar jikarta Shifa ce a akwatin, 'yar ƙaramar bindigar iska irin ta gasar harbi. Yarinyar ta daɗe tana zuwa nadi, wato kulob ɗin wasanni, koyo, matan unguwa na tsegumi wai ina ruwan ɗiya mace da harbi, Zubaidatu ce ta tsaya mata ta rufe bakin kowa. Ana dab da zaɓen waɗanda za su wakilci nadin sai bindigar ta faɗi, saitin baya ya karye, ɗan ƙarfen nan da ake leƙawa ta tsagarsa a auna abin hari. Da ƙyar Shifa ta samo sabo wajen wata ƙawarta. Tana can jami'a kakar ta ɗauko, ta kawo wa Datti, ɗan aminiyarta, mutumin da babu abin da hannunsa bai iya ɗaurawa ba.

Jiya aka yi zagayen farko. Duk harbin Shifa ya karkata hagu. Ta kai hannu ta murɗa notin saitin don ta dawo da shi daidai, noti ya ce bai san zance ba. Mai horar da su ta duba, ta ce an liƙe shi da gam. Ga shi gobe ne zagayen ƙarshe, in ba a gyara ba sai baɗi. Shifa ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta ce kawai, "Ma'alesh, Sitti," wato ba komai Kaka, ta shige ɗaki. Wannan ma'alesh ɗin ita ta hana Zubaidatu cin abinci.

Ta zazzage wa Datti duk wannan a tsaye, maƙwabtan shago na leƙe. Ya bari ta kai aya, sannan ya tuna mata a hankali cewa ranar da ta kawo bindigar tana tsaye a kansa, ta taɓa notunan biyu ta ji suna juyawa, ta ce aikin ganin ido ya yi mata, ya ɗaure su yadda ba za su ƙara motsi ba har abada.

"Na faɗa," in ji ta. "Kai fa, ka san an yi su ne don su juya?"

Datti ya sunkuyar da kai.

"Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Na sani, Inna. Amma ke kika goya ni a unguwar Nakkasa. Da wane baki zan ce miki ba haka ba ne?"

Nan ne ranta ya ƙarasa ɓaci. Da ya ce bai sani ba, da ta zage shi ta yafe. Ita ba ta yi boko ba, ba ta san bindiga ba. A duniyarta duk abin da ke motsi ya lalace ne, ƙafar kujera, marfin tukunya, haƙori. Ai don haka ta kawo wa wanda ya sani. Shi kuma ya dube ta, ya ga tsohuwa za ta afka rami da jikarta a hannu, ya matsa mata hanya don ladabi. Ta ce masa wannan ba kunya ba ce, cuta ce aka sa mata hula. Uwarsa ma, Allah ya jiƙanta, da tana raye da ta murɗe masa kunne.

Datti ya ɗaga bindigar ya duba a haske. Ya ce gam ɗin ya shige ciki, in ya tilasta notin zai gutsure. Sabo kuwa babu a Makka, sai wani shagon kayan farauta a Jidda. Ya nuna keken wani tela da ya yi alkawarin bayarwa kafin la'asar, ya ce ko gobe da sassafe.

Zubaidatu ta rufe akwatin, ta fita, ta kama ƙofar shagon ta fara jawowa ƙasa da shi a ciki. Dole ya sunkuya ya fito, makullin mota a hannu.

Sai da suka bar gari, suka hau babban titin Jidda, sannan ta yi magana, akwatin na kan cinyarta. Ta ce in sun samo, shi zai ɗaura, Shifa ce za ta murɗa, ita ba za ta ko taɓa ba.

"Kuma daga yau, in na faɗi abin da ba daidai ba, ka ce mini a'a. Ka ji ko?"

"To, Inna," in ji Datti.

Ta juyo ta daɗe tana kallonsa. Shi kuwa idonsa na kan hanya.