Bakaniken da Ya Yi Rowar Kunne

Rowar sani ta fi rowar abinci muni, kuma wanda ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu.

An yi wani bakanike da ake kira Mai Kunne, don da jin kukan tsohuwar mota yake gane ciwonta. Amma in zai gwada mota, sai ya sauke kowa ya tafi shi kaɗai. Ƙaninsa da suke aiki tare ya sha roƙonsa: "Yaya, tafi da ni in saurara mana."

"Kai dai riƙe sifana. Ana aron kunne ne?"

Da ƙanin ya gaji, ya kwashe kayansa ya bar garejin.

Tsufa ya zo ya toshe kunnen, Mai Kunne ya ɓoye wa kowa. Ran nan wani direba, wanda shi kaɗai ya rage yana kawo masa aiki, ya zo da motarsa tana kuka. Mai Kunne ya shiga, ya taka kuloci, ya saki. Ya san in kukan ya tashi da takawa, kuloci ne, in ya ɗauke, ciwon na cikin giya ne. Amma bai ji komai ba. Ya waiga kujerar gefe, ba kowa. Tambayar direba kuwa, girman kai ya hana.

"Giya ce," in ji shi.

Ya farke lafiyayyar giya ya mayar, kuka na nan.

"Baba, daga bakin titi fa ake jin ta!" in ji direba, ya ja motarsa.

Ya rasa ƙani, ya rasa direba, ya rasa suna, sanin kuma ba magaji.