Mai Saƙa da Maharbiya a Ofishin Akuya

Jiya bayan la'asar na kishingiɗa a kan tabarma, na yi wani mafarki. Wata uku ke nan ina fassara tatsuniyoyin Girkawa zuwa Hausa, shi ya sa ban yi mamaki ba da na tsinci kaina a wani tsibiri nasu. Teku na tsaye kamar katanga, ruwan sama kuma daga ƙasa yake tashi, ya jiƙe mini tafin ƙafa, kaina a bushe.

Sai ga ni a Ofishin Gyaran Labarai. Shugabar ofishin akuya ce mai tabarau, duk takardar da ba ta gamsu da ita ba sai ta cinye.

A kan benci wasu tsofaffin mata biyu na zaune, hannunsu cikin na juna. Ɗaya mai saƙa ce, sunanta Talsiya, ɗayar maharbiya, Nikora. Suka ce mini shekara dubu uku suna bin layi. Tsohon labari ya ce Talsiya ta ƙi miji, alloli suka mayar da ita bishiyar zaitun. Talsiya ta ce ita ba ta taɓa zama bishiya ba, gidan Nikora ta koma, suka tsufa tare. Marubutan da suka zo daga baya wasu sun ce ƙawaye ne, wasu sun ce ya da ƙanwa. Sai a 'yan shekarun nan matasan marubuta suka fara faɗin yadda abin yake, amma akuya ba ta rufe fayil sai kowane harshe ya sa kalmarsa a kan matsayin Talsiya a wurin Nikora. Saura Hausa.

Akuya ta turo mini takarda da ƙahonta. Na rubuta "ƙawa". Ta shinshina, ta cinye. Na rubuta "aminiya". Ta cinye wannan ma, ta ce babu gishiri.

Nan take ofishin ya koma ɗakin taro na makarantarmu. Abokan aikina duk sun zama gumakan dutse, amma idanunsu na bin hannuna. Na gaya wa tsofaffin cewa ni mai fassara ce kawai, kuma ina da iyali, ina da maƙwabta.

Nikora ta jingine bakanta na harbi da bango, ta dube ni ba tare da fushi ba.

"'Yata, ba yabo muka zo nema ba. Idan na mutu a littafinki, wa za ki ce ta yi kuka?"

Talsiya ta gyara wa Nikora ɗankwali, irin gyaran wadda ta saba.

Na ɗauki biro. Na rubuta "maso", akuya ta daina tauna ta matso da tabaraunta. Ina shirin ƙarasa kalmar ke nan injin markaɗen gidan maƙwabciyata Iya Dije ya tashi, na farka da shatin tabarma a kumatuna.