Tsumman Kafaɗar Kaltume

"Wallahi ina tafasawa, Malama," in ji Kaltume, tana rungume da 'yarta Hure a cinya. Yarinyar ta yi laushi kamar dafaffen alayyafo, idanu sun zurma. Zuwansu na uku ke nan ƙaramin asibitin da ke hanyar Ɗambatta cikin wata guda, duk a kan gudawa.

Malama Safiyatu, ma'aikaciyar jinya, ko ɗagowa daga katin ba ta yi ba. Kowace uwa haka take rantsuwa.

Amma Kaltume gaskiya ta faɗa. A shekarar da itace ya zama sai mai hali, har karan dangar gidanta take zarewa ta tafasa wa Hure ruwa. Ita ce ake yi wa tsiyar tsabta a ƙauyensu, wai ko kaza za ta shiga madafinta sai ta wanke ƙafa. Duk da haka, bara da damina wannan ciwon ya ɗauke mata Khalilu, yayan Hure. Yanzu tsoro ne fal cikinta.

"Haɗa mata ruwan gishiri da sukari in gani," in ji Malama.

Kaltume ta ciro gorar tafasasshen ruwa da kofin silba. Ta ɗauraye kofin, ta jawo tsumman da ke saɓe a kafaɗarta, ta zura ciki ta murza tas. Haka innarta ta koya mata: mace ba ta miƙa wa mutum jiƙaƙƙen kwano.

Malama ta riƙe mata hannu. Ta karɓi tsumman ta sansana, ta kau da kai.

"Me da me kike yi da wannan?"

"Goge kwanuka. Sauke tukunya. Hannu, in na gama aiki." Ta dubi Hure. "In ta yi amai ko ta ɓata jiki, shi ne a kusa."

"Yaushe rabonsa da sabulu?"

"Tun da ya yi tsadar nan, sai kayan sawa. Amma kullum ina ɗauraye shi in rataye a madafi."

"Bai taɓa bushewa ba ke nan. Kina tafasa ruwan, kina mayar masa da ciwon. Ki raba su, na kwano daban, na yarinya daban. In ba sabulu ki dafa su a tukunya, ki shanya a rana."

Kaltume ta ƙura wa tsumman ido. Shekara biyu yana kafaɗarta.

"Malama," ta ce, "Khalilu ma da shi nake goge masa kofi."

Malama ta jefa tsumman a bokitin ruwan magani.

"Sake ɗauraye kofin," ta ce a hankali. "Hure na jira."

Kaltume ta ɗauraye. Hannunta ya tafi kafaɗa da kansa, bai tarar da komai ba. Ta haɗa ruwan, ta tallafo kan Hure, ta kafa mata kofin a baki haka nan a jiƙe, gindinsa na ɗiga a kan zanenta. Hawaye na zuba, ba ta da abin sharewa. Hure ta haɗiye kurɓin farko.