Kyandir a Kan Ruwan Brezina

Florian ya tura kwalekwalen cikin ruwa, yana nishi.

"Shiga mana, 'yar mai niƙa. Ko sai na goya ki?"

"Goya kanka tukuna, tsoho," in ji Hedviga. Ta zauna, ta rungume kwalbar kyandir a cinyarta.

Ranar ziyarar mamata ce. Mutanen sauran garuruwa da ƙafa suke zuwa maƙabarta. Mutanen Brezina kuwa sai da jirgi, tun da aka yi madatsar da ta shanye ƙauyensu, ba ta bar komai ba sai coci a kan tudu. Shekara sittin yayanta Imrik ne ke tuƙa ta. Yakan tsaya a tsakiyar ruwa, ya dubi hasumiyar cocin, ya dubi dutse, ya ce, "Nan Inna take." A bazarar bana aka binne shi a sabon gari, bai koya wa kowa ba.

Suka yi nisa. Hedviga ta riƙa leƙen ruwan, tana lissafa abin da ke ƙasa: gadar katako, gidan su Florian, rijiyar da agwaginsu ke taruwa. Ba ta ga komai ba sai fuskarta.

"Yi dama," ta ce. "A'a, koma. Imrik yakan daidaita hasumiyar da wancan tsagin dutsen."

"Wane tsagi? Guda uku ne."

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Zan kunna wa uwar wani, Florian. Tawa tana can tana jira."

Ya ɗaga filafilan, ruwa na ɗiga daga bakinsu.

"Yayanki ya sa na yi alkawarin ba zan faɗa miki ba, amma ya tafi ya bar ni da ke. Imrik bai taɓa sanin wurin ba. Shekararsa goma sha biyu da ruwa ya zo, me ya sani? Tuƙi yake yi har hannunsa ya gaji, sai ya tsaya ya dubi dutse saboda ke."

"Maƙaryacin banza," ta ce a hankali. Ta share ido da bakin ɗankwalinta. "Shekara sittin!"

"Mu koma?"

Hedviga ta laluba aljihun rigar sanyinta, ta fito da ashana.

"Ka gaji ne?"

"Da saura."

"To, tuƙa."