Garwata da Likkafanin Maharazu

"Wannan ai garwata ce!"

Haka na ce da Maharazu ina tsaye a bakin soronsa. Shi ko ɗago kai bai yi ba. Ya riga ya fasa garwar, ya shimfiɗe ta a kan gungume kamar fatar rago, yana huda ta da ƙusa da guduma. Gudumar ma da ƙyar yake ɗaga ta. In ya buga sau uku sai ya tsaya ya yi tari.

"Yoyo take yi," in ji shi.

"A gidanka take yoyon ko a gidana?"

"Zauna mana, Nata'ala, kana tare mini haske."

Kun ji mutumin da Allah ya haɗa ni katanga da shi a unguwar Zaitawa shekara arba'in da ɗoriya. Tun yana saurayi ya bi fatake zuwa ƙasar Yarabawa. Kowa ya dawo da goro, shi ya dawo da wani shirme: a huda gwangwani a fitar da ado, a ɗora shi a kan farin ƙyalle, a shafa kunun rogo mai kauri ta cikin hudojin. In an tsoma ƙyallen a ruwan baba na rini, duk inda kunun ya zauna sai ya fito fari fes a cikin shuɗi. Tun daga ranar babu abin da ya sake zama lafiya a unguwarmu. Gwangwanin madara ya zama fitila. Tayar keke ta zama guga. Fasassun tangaran ya bi bangon ɗakinsa ya lilliƙa su, wai ado. Ni kaina murfin tukunyata biyu ya ci, yanzu ga garwa.

Ni kuwa ba mutumin wasa ba ne, ku tambaya. Da wayona Nasara suka shigo garin nan. Babbar yunwar da ta kwashe mutane, tafasa da dusa na ci na miƙe. Cutar agana ta kama ni, ta rasa yadda za ta yi da ni, ta yi mini zane a fuska ta wuce. Gwanja sau huɗu na je ta da ƙafata. Boko ban yi ba, allo ma ban yi nisa ba, amma waɗanda suka yi nisan duk ni na raka su maƙabarta. Likkafanina ma ya gaji da jirana. Wana ne ya zo mini da shi daga Makka tun kafin yaƙin Turawa na ƙasar Bama, a ruwan zamzam aka wanke shi. Kowace shekara nakan fito da shi daga adaka ya sha iska, in ce masa, "Sai ka ƙara haƙuri." Babu wanda bai san likkafanin nan ba a Zaitawa, don ban bar kowa ya manta ba.

To ina tsaye ina huci, sai Maharazu ya ɗaga gefen tabarma ya jawo farin yadin alawayyo a naɗe. A kusurwarsa akwai ɗan ɗinki na jan zare.

"Ina ka samo wannan, kai da rabonka da kasuwa tun bazara?"

"A adaka."

"Wace adakar?"

Ya mayar da kai kan garwar. Nan jikina ya ba ni.

"Maharazu! Likkafaninka ne!"

"Rage murya. Tana tsakar gida."

Matarsa 'Yardada yake nufi. Ina jin ƙarar taɓaryarta ta bayan ƙyaure.

Na tsuguna na ce, "Ciwon ne ya hau maka ka? Mutum yana tofar da jini, ya ɗauki likkafaninsa zai shafa masa kunu?"

"Zane zan buga mata." Ya nuna mini hudojin garwar, layi-layi masu lanƙwasa da 'yan taurari a tsakani. "Ka gane wannan?"

"Na gane garwata."

"Zanen ƙwaryar aurenta ne. Wadda kakarta ta ba ta. Shekarar da muka tare a gidan nan na yanka ta na yi wa fitila murfi, iska tana kashe mini ita."

"To ai an daɗe."

"Ba ta yi faɗa ba, Nata'ala. Ta zo ta gani, ta tsaya, ta koma ɗaki. Da ta yi faɗa da tuni na manta." Ya yi tari mai tsawo, ya goge baki. "Matan unguwar nan wace ce ban buga wa zane ba? Ita kullum sai in ce gobe."

"Ka bari ka warke ka sayi wani ƙyallen."

"Kai ma ka san maganar da kake yi."

Na sani kuwa. Wuyansa ya zama kamar na zakaran da aka fige.

"To in ta Allah ta kasance, a me za a sa ka? A buhun gyaɗa?"

"Sannan ai ba ni ke da magana ba."

Ku ji fa! Shi ba shi da magana, mu da za a bari da gawa mu ke da ita. Na faɗa masa duk abin da ya zo bakina. Na ce tun da nake ban taɓa ganin mutum marar lissafi irinsa ba, na ce ko jaki ya san ranar da zai kwanta. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "A soronka za mu yi, kada ta gani."

Kwana huɗu muka yi a kan aikin nan, ni da ban taɓa riƙe wa kowa kaya ba tun da na bar fatauci. Da hantsi zai dafo bango ya shigo, mu shimfiɗa ƙyallen a kan tsohon ƙyaure. Ni ke danne garwar da hannu biyu, shi yana jan kunun da sakaina. In an ɗaga sai ka ga adon ya kwanta ɗoɗar, a matsa gaba a sake. Ga damina, kunu ba ya bushewa da wuri. Ga ƙuda. Ga akuyata da ta ji ƙanshin rogo ta kafa mana ido daga bakin ƙofa. Sau biyu ina jifanta da takalmi.

"Danne sosai, kana motsi."

"Ni nake motsi ko hannunka ke rawa?"

"Ka yi shiru mana ko na rabin sa'a, mutum ya ji da abin da yake ji."

Ranar Alhamis saura layi ɗaya, sakainar ta suɓuce daga hannunsa. Ya ɗauka, ta sake faɗuwa. Ya jingina da bango yana numfashi sama-sama, ya ce, "Ƙarasa."

"Ni? Ni ba ɗan wasan yara ba ne."

"Ƙarasa, Nata'ala."

Na danne garwar da gwiwa, na ja kunun da ƙarfina na Allah. Da na ɗaga, taurarin duk sun haɗe sun zama kamar kashin shanu. Maharazu ya duba, ya fara dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya sake komawa dariya.

"Mutumin da ya je Gwanja da ƙafa," in ji shi.

"A goge a sake."

"Bar shi haka. In ya bushe ka kai wa Isyaku marini. Ka ce kada ya cuɗa, tsomawa kawai zai yi ya ɗaga."

Ni na riƙe shi har bakin ƙofarsa, garwar a hammatarsa. Nauyinsa bai kai na damin kara ba.

Washegari Juma'a, rana ta ɗaga sosai, na ji salatin 'Yardada ta kan katanga. Ba ta yi kururuwa ba. Salati kawai, sau uku.

Kafin a jima soronsa ya cika. Liman Salihu ya zo, aka ɗora ruwa, masu haƙa suka tafi. Aka ce a hanzarta a sallace shi bayan an sauko daga masallaci, ga zafi, ga hadari yana haɗuwa ta gabas. Liman ya matsa bakin ƙyaure ya ce a miƙo likkafani.

Muka yi ta jira. Can sai muryarta ta fito.

"Malam, na duba adaka, babu. Ni na naɗe shi da hannuna. Na zazzage komai, babu."

Liman ya juyo ya dube mu. A wannan lokacin 'yan yadi duk sun rufe rumfuna sun tafi shirin Juma'a. Na ga mutane sun fara kallon juna, na ga wani ya kalli fitilun gwangwanin da ke rataye ya taɓe baki. Na san mutanen Zaitawa kamar yunwar cikina. Kafin la'asar labari zai kai unguwar Koki: Maharazu mai gwangwani ya cinye likkafaninsa, sai da aka bi gida-gida ana roƙo. Kuma matar ce za ta zauna da wannan magana, ba shi ba. Shi ai ya faɗa, ba shi da magana.

Na miƙe na ce, "Yana wurina."

Na shiga ɗakina na buɗe adaka. Ban ɓoye muku ba, na daɗe a tsugune. Shekara kusan ashirin ina lallaɓa ƙyallen nan, asu bai taɓa shi ba, ɓera bai taɓa shi ba. Na kalli wancan na Maharazu da ke shanye a kan igiya da busasshen kunu a jikinsa, na ce, "Murfi biyu, garwa ɗaya, yanzu kuma zamzam ɗina. Allah ya isa tsakanina da kai, Maharazu." Sai na tuna gawa ce, na yi istigfari na janye.

Liman ya warware shi, ya ga yadda ya yi ja-ja-ja a wuraren ninki. Ya ɗago ya dube ni. Ya san shi sarai, sau nawa ina nuna masa.

"Malam Nata'ala..."

"A yanka, Liman, hadari na tasowa."

Da yake ni dogo ne, shi kuwa gajere, har saura aka yi, kamu ɗaya. Liman ya ninke ya sa mini a aljihu. Muka kai shi muka dawo kafin ruwa ya sauko. Ni na kama makara ta gaba, ina da shekara saba'in, ban ba kowa ba har muka isa.

Bayan sadakar bakwai na kai wa Isyaku ƙyallen a marina. Ya ɗaga shi a rana ya ce, "Aikin Maharazu ne, Allah ya ji ƙansa. Amma wannan layin na ƙarshe wane makaho ne ya yi?"

"Tsoma ka ba ni, ba shari'a na kawo maka ba. Kuma kada ka cuɗa."

Sai da ta fita takaba na kai mata. Na yi sallama daga soro, ta zo ta tsaya bayan asabari, na miƙa. Ina jin ta warware shi. Na yi gyaran murya.

"Ƙwaryata ce," in ji ta.

"Haka ya ce."

Sai na ji yatsunta suna bin bakin ƙyallen, suka tsaya.

"Ga ɗinkina. Jan zare na sa a kusurwa, don kada wata rana ya haɗa shi da kayan rini. Na san halinsa." Ta ja numfashi. "Malam Nata'ala, wanda aka sa shi a ciki fa, na wa ne?"

"Ni garwata na zo karɓa."

"Malam..."

"Garwata, 'Yardada. Tana bayan ƙyaure, na ga lokacin da ya shigo da ita."

Ta turo mini ita ta ƙarƙashin asabari, da sauran kunu a hudojinta.

Ruwa dai ba za ta sake riƙewa ba har abada. Na rasa yadda zan yi da ita, na toshe tagar ɗakina da ita saboda kaji. Yau da safe 'Yardada ta wanke zanen ta shanya a kan katangarmu, rabi a gidanta rabi a gidana, kuma ɓangaren da na ɓata ne ya faɗo ta wajena. Ina zaune ina kallonsa ta ƙofa. Rana ta biyo ta hudojin garwar, taurarin suka sauka a kan murfin adakata, inda kamu ɗayan nan yake a ninke.