Baƙin Ƙyallen Wuyan Nthati

Warin dafaffen kabeji da na maganin wanke ƙasa ne suka tari Ntate Tankiso tun daga ƙofar gidan renon yara. Ya kakkaɓe takalman robarsa a kan dakali, ya gyara bargonsa, ya shiga yana roƙon Allah kada bakinsa ya ja masa. Yayansa ya ja masa kunne tun a gida: duk abin da suka faɗa ka ce to, ka ce na gode, ka ɗauko yarinya ku taho.

Matarsa ta rasu yana can ƙetaren iyaka yana aikin tsinkar tuffa. Takardarsa ta zama ta ƙare, aka tsare shi a hanya, har aka binne ta bai ga fuskarta ba. 'Yarsu Nthati, mai shekara tara, ta koma wurin kakarta, sai tsohuwar ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Mai gari ya kai magana ofishin walwala, su kuma suka kwaso yarinyar suka kawo ta nan garin Mafeteng. Da Tankiso ya iso gida, yayansa ya aske masa kai, ya ɗaura masa thapo a wuya, baƙin ƙyallen makoki, kamar yadda aka ɗaura wa kowa a gidan bayan jana'iza. Lokacin cirewa ya wuce tuni, amma ba wanda aka cire wa. Sai an taru gaba ɗaya ake cirewa a ƙone, ga shi 'yar mamaciyar ba ta nan. Tunkiyar da za a yanka ma tana ɗaure a bayan ɗaki tana cin ciyawar banza.

Ya zo gidan nan ba sau ɗaya ba, kullum magana ɗaya: sai an auna lafiyar hankalin yarinyar. Yau ce ranar awon.

"A'a, Ntate Tankiso, mai tuffa!" in ji Mme Malineo, shugabar gidan, bakinta cike. "Ka zo mana da tsaraba, ko yau ma hannu na dukan cinya?"

Makoenya, wato fanke, take ci daga cikin takarda, mai ya jiƙa takardar har ana ganin tebur ta cikinta. Kusa da ita wata budurwa ce cikin ƙatuwar rigar sanyi, ta juya abin ɗumama ɗaki zuwa ƙafafunta ita kaɗai, tana riƙe da waya mai faɗin allo. Ita ce Ausi Tebello, ma'aikaciyar da aka turo daga gunduma ta yi awon. A bango an jera hotunan yara, kowane da ɗigo a gefe: kore, ruwan ɗorawa, ja. Tankiso ya nemo 'yarsa. Ɗigonta ja ne.

Aka shigo da ita. Ta rame, gashinta ya tofo ba tsari. Ta ce "Ntate", wato baba, a hankali, idonta a ƙasa. Ya so ya rungume ta, aka nuna masa kujera. Sai idonsa ya kai wuyanta. Baƙar leda ce, irin ta zuba shara, an murɗe ta kamar igiya an ƙulle, fatar da ke ƙarƙashinta duk ta yi ƙuraje.

Ausi Tebello ta juya mata allon. Fuskoki ne a jere, daga mai dariya zuwa mai kuka.

"Wacce ce ke yau, Nthati?"

Yarinyar ta saci kallon Mme Malineo, sannan ta taɓa mai dariya.

"Kina barci sosai?"

"E, Ausi."

"Kina da ƙawaye?"

"E, Ausi."

"Kina magana da mamarki?"

"Ina gaya mata yadda na yini."

"Tana amsa miki?"

"A'a. Ai ta rasu."

Yatsan Ausi Tebello ya yi ta danne-danne. Tankiso shi ma yana gaya wa marigayiyar yadda ya yini, da safen nan ma ya gaya mata zai je ɗauko yarinya.

Da ta gama, ta juyo gare shi da murya mai laushi irin ta wanda ya saba faɗin magana ɗaya kullum.

"Ntate, abu biyu muke dubawa, bukatun yaro da ƙarfinsa. A wajen bukatu akwai matsala. An rubuta, ba sau ɗaya ba, cewa tana ɗaura abu a wuya. A tsarinmu, yaron da yake ɗaura abu a wuya ana ɗaukarsa mai neman halaka kansa. Shi ya sa take ja. Ja kuwa ba ya komawa gida. Maseru, babban birni, ake tura shi, wurin likitan ƙwaƙwalwa."

Tankiso ya dubi ledar, ya dubi budurwar. Ya tuna gargaɗin yayansa, amma maganar ta riga ta fito.

"Ausi, ke 'yar ina ce?"

"Leribe."

"A Leribe ba a mutuwa?"

Ta sunkuyar da kai tana gyara wayar. "Na san thapo, Ntate. Ni ma na ɗaura na mahaifina."

"To?"

"To tambayar ba ta ce thapo ba. Cewa ta yi abu a wuya, e ko a'a. Wadda ta riga ni ta danna e. Ba ni da ikon gogewa."

"Ina na gasken? Wanda aka ɗaura mata a gida?"

"Ni na yanke shi," in ji Mme Malineo, tana lasar yatsa. "Ranar da ta zo. Nan gidan Yesu ne, Ntate, ba ma ajiye kayan matattu. Ga dauɗa. Amma 'yarka, Allah ya shirya, taurin kai kamar jakin kan dutse. Na yanke, ta yage bakin siket ɗinta ta ɗaura. Na yanke, ta ɗaura igiyar takalmi. Na ƙwace takalmin, ta ɗaura safar wani yaro. Yanzu shara take bi tana tsintar leda. Almakashina har ya dakushe a kanta. Ni kuwa doka ta ce duk abin da ya faru in rubuta, na rubuta."

"Kin rubuta cewa makoki take yi?"

"Ba a tambaye ni ba."

Ta yi dariya, ta miƙa wa Ausi Tebello takardar makoenya, ita kuma ta girgiza kai. Tankiso ya ji ɗaci ya cika masa baki. Da baƙi ne, Turawa ko wasu daga nesa, da sai ya zauna ya yi musu bayani dalla-dalla, ya yafe musu. Amma duk wanda ke ɗakin nan an taɓa aske masa kai. Kowa ya san zafin ƙyallen nan in an yi gumi, ya san yadda ake ɓoye shi a cikin kwala in za a shiga ofis. Sun sani sarai, suka zauna suna kallon yarinya tana tonon shara don uwarta, suna danna e.

"Kuma kada ka ɗauka ja abin kunya ne," Mme Malineo ta ci gaba, tana nuna bango da haɓa. "Jajayen namu su suka fi saurin samun masu ɗaukar nauyi. Wata baiwar Allah can ƙasar waje ta ga hoton Nthati, aka ce kwana ta yi tana kuka. Har 'yar tsana ta aiko mata. Kore kuwa, wa zai kalli kore?"

Ya sake duban bangon. Gaskiya ne, ƙarƙashin kowane hoto mai jan ɗigo akwai wani suna da ba na ƙasar nan ba. A hoton Nthati an ja kwalarta ƙasa yadda abin wuyan zai fito sosai.

Ya sa hannu biyu ya riƙe gwiwoyinsa don kada ya miƙe.

"Ausi," ya ce, "ni ban yi karatu mai nisa ba. Ki gaya min abin da zan yi in tafi da 'yata. Mutane suna jira a gida."

Ausi Tebello ta daɗe tana kallon allon. "Hanya ɗaya ce. In ta cire da hannunta a gabana, ta ce ba za ta sake ba, sai in rubuta an samu sauƙi. Ta koma ruwan ɗorawa. Ruwan ɗorawa yana iya tafiya gida, mu riƙa leƙowa."

"Ai ba za ta cire ba," in ji Mme Malineo. "Bari ki gani. Zo nan, 'yar gidana, cire ƙazantar nan." Ta miƙa yatsunta masu maiƙo zuwa wuyan yarinyar. Nthati ta ja da baya har ta bugi bango, ta rufe wuyanta da hannu biyu. "Kin gani? Haka take. Ni da zan ba da shawara, a bar ta nan ta ƙara samun kulawa."

Tankiso ya sauko daga kujera, ya durƙusa a gaban 'yarsa. Gwiwarsa ta sauka a kan siminti mai danshi. Ya sassauta bargonsa, ya buɗe wuyan rigarsa yadda za ta ga nasa ƙyallen.

"Cire, 'yata. Ni ubanki na ce."

"Ba a nan ake cirewa ba, Ntate." Sai yanzu ta dube shi ido da ido. "Mamata za ta ce na manta da ita."

"Wannan leda ce. Na gaske yana nan." Ya taɓa wuyansa. "Ki cire, ki faɗa musu abin da suke so su ji."

Ya san sun ji shi. Ausi Tebello ta duƙufa a kan wayarta kamar an aiko mata da saƙo mai muhimmanci. Shi da bai taɓa koya wa yarinyar nan ƙarya ba, yau ga shi a durƙushe yana koya mata a gaban hukuma, hukumar kuma ta kau da kai tana jira.

Nthati ta kai hannu ga ƙullin. Bai kunce ba, don ta ɗaure shi yadda ba mai kunce shi. Ta sa farce, ta ja, ledar ta yi ta miƙewa tana shiga cikin ƙurajen, sannan ta tsinke. Jan zobe ya bayyana zagaye da wuyanta.

"Ce ba zan sake ba," in ji Ausi Tebello, ba ta ɗago ba.

"Ba zan sake ba."

"Haleluya!" Mme Malineo ta tura kwandon shara da ƙafa. Ledar ta faɗa kan takardar mai.

"Saura ɓangaren ƙarfinta," in ji Ausi Tebello. "Mme, me za mu sa?"

"Sa tana da biyayya. Ai kin gani da idonki. Tana shara kuma, ba laifi."

"Ntate, kai fa? Me ta fi iyawa?"

Ya dubi yarinyar da ta yi wa uwarta makoki ita kaɗai a gidan da ba ta san kowa ba, ana yankewa tana ɗaurawa. Ya nemi yadda zai faɗa, ya ga ba zai zubar da maganar a ɗakin nan ba.

"Ta iya ƙulli," ya ce.

"Aikin hannu ke nan." Ta danna.

Ba a sallame su ba sai da Mme Malineo ta tsayar da su a jikin bango ta ɗauki hoto, don baiwar Allahn nan ta ƙasar waje ta ga addu'arta ta karɓu. "Murmushi mana, Ntate! Ko a gonar tuffa an hana dariya?" Ya buɗe haƙora. Aka miƙo wa Nthati kayanta a leda, 'yar tsanar a sama. Ya ce to, ya ce na gode, kamar yadda yayansa ya ce.

Suna fita daga ƙofa ya tofar da yawu, ya sake tofarwa, ɗacin bai bar bakinsa ba. Nthati tana biye da shi, hannunta a kan wuyanta kamar wadda aka tuɓe. A bayan wani shago kusa da tashar motoci ya tsaya, ya ciro 'yar wuƙarsa ta aikin gona. Bai kunce nasa ba, don ba shi da ikon kuncewa. Yana wuyansa ya laluba gefen ƙyallen, ya tsaga shi a tsaye a hankali har siriri ya fita. Ya durƙusa ya ɗaura mata sako-sako saboda ƙurajen.

Ta shafa ƙullin da yatsa. "Ba ka iya ba, Ntate." Ta kunce, ta sake ƙullawa da kanta.

"In Ausi ta zo leƙowa fa?" ta tambaya.

"Kafin ta zo an cire mana duka, a gida, an ƙone. Tunkiya ma ta gaji da jiranki."

Suka shiga motar ƙauyensu, ya zaunar da ita kusa da taga. Hanyar ta gaban gidan yaran take bi. Tun kafin su kai ƙofar, ba wanda ya ce mata komai, Nthati ta ja kwalar rigarta sama ta rufe ƙyallen, ta gyara fuskarta ta zama irin mai dariyar nan ta allo. Ba ta saki kwalar ba sai da katangar ta ɓace a bayansu. Tankiso ya juya yana neman inda zai tofar, tagar kuwa ba ta buɗewa.