Gayyar Jana'iza a Sandker

Troels Hedegaard ya iso Sandker ranar Talata, kwana biyu bayan rasuwar mahaifiyarsa. Shekara ashirin da shida rabonsa da ƙauyen. A tsakanin nan ya rubuta littattafai tara a kan talakawan yankinsu na Jutland, birnin Kopenhagen ya yi ta yaba masa cewa ba ya ƙara wa gaskiya gishiri. Jaridarmu ta turo ni in ɗauko jawabin da zai yi a bakin kabari.

Bai sauka a gidan tsohuwar ba. Ya ce ɗakin da sanyi, ya kama ɗaki a masaukin bakin hanya.

A Sandker ba a zuwa jana'iza sai mai gayya ya shigo da sandarsa ya kira sunan mutum. 'Yan gidan mamaci ne kaɗai ba a kira, wato waɗanda suka kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da gawa. Mai gayyar kuwa Bertel Skov ne, tsohon maƙeri. Ƙanwarsa Sidsel ce ke cikin littafin Hedegaard na farko. An sauya mata suna, amma an bar ɗingishinta, da gidansu na bayan injin niƙa, da cikin da ta ɓoye. Da littafin ya fito, wanda zai aure ta ya fasa. Ta tafi Amurka, can ta mutu.

Bertel ya zaga gida arba'in da ɗaya. Ya wuce masaukin bai ko waiga ba.

Ranar Juma'a da hantsi aka fito da akwatin gawar. Hedegaard ya cire hula, ya nufi hannun akwatin na gaba ta dama, wurin da ɗa ke kamawa. Bertel ya gitta masa sanda.

"Ranka ya daɗe, wa ya gayyace ka?"

"Bertel, uwata ce."

"Mun san ta. Mu muka riƙa faskara mata itace. A ina ka kwana?"

"A masauki. Me ya haɗa wannan da..."

"To kai baƙo ne. Baƙo sai an kira shi, ni kuma ban kira ka ba."

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "A bar shi ya tsaya gefe ya kalla mana. Ai kallon mutane ne sana'arsa."

Hedegaard ya ture sandar ya kama hannun akwatin. Sauran mutum biyar masu ɗaukar gawar suka saki nasu, suka harɗe hannuwa. Ba wanda ya ɗaga murya. Fasto ya duƙufa a kan littafin addu'arsa. Na duba agogo: minti goma sha ɗaya gawar tana ajiye a tsakar gida, yayyafi na sauka a kan murfin.

"In don Sidsel ne," in ji Hedegaard a hankali, "ban rubuta ƙarya ko ɗaya ba."

"Na sani, malam marubuci. Ni ma yau ban karya ƙa'ida ko ɗaya ba. Saki, tsohuwarka tana jiƙewa."

Ya saki. Bertel ya miƙa wa wani sandarsa, ya kama wurin da kansa.

Hedegaard ya bi su daga nesa, ya tsaya bayan katangar maƙabarta. Daga nan ba a jin muryar fasto. Da aka fara zuba ƙasa ya zaro takardar jawabinsa, ya dube ta, ya mayar aljihu.

Washegari muka buga sunayen mahalarta kamar yadda aka saba, mutum ɗari da talatin da huɗu. Edita ya aiko yana tambaya ko na manta da suna ɗaya. Na amsa masa cewa jerin daidai yake.